Makaɗin da Baba bai gane ba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Dakta Sabi'u. Har yau idan wani ya ce ya san shi, sai na saurara in ji wane Sabi'un yake nufi. Wasu mai binciken ƙwaƙwalwa suka sani, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nazarin yadda mutum ke tuna abu da yadda yake mantawa. Wasu kuwa mai kaɗa gurmi suka sani. A gidanmu da na farkon ake alfahari, na biyun ko ambatonsa ba a yi.

Mahaifinmu alƙali ne, ɗan gidan malamai. Ranar da ya tarar da Yaya da gurmi a soro, lokacin yana sakandare, bai dake shi ba. Cewa kawai ya yi, "A zuriyarmu babu maroƙi," ya sa aka fitar da gurmin. Yaya bai sake taɓa kiɗa ba sai da ya tafi karatu ƙasar waje.

Ya dawo daidai lokacin da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Ko'ina a Abuja gini ake yi, abokan karatunsa da yawa sun koma kwangila. Shi kuwa ya karɓi aiki a wata cibiyar bincike a Garki, ɗaki biyu da na'urorin da wasunsu shi ya taho da su. Ranar Asabar yakan kaɗa gurmi a wani lambu tare da abokai. Ogansa ya taɓa kiransa ya ce, "Dakta, wannan kiɗa naka bai dace da babban ma'aikaci ba." Yaya ya yi godiya, Asabar na zagayowa ya koma lambun. Da aka tashi ƙarin girma, wani aka ba.

Ana nan sai Baba ya fara mantuwa. Yakan idar da salla ya sake tayarwa, yakan tambayi mahaifiyarmu wadda ta daɗe da rasuwa. Yaya ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa na Gwarinpa, ni kuma kullum na tashi daga ma'aikata sai na biya. Wata rana ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwar Baba, ya ɗora yatsa ya ce, "Hauwa, nan ne ke ƙanƙancewa. Na san sunan kowane lungu a wurin nan, amma ba ni da abin da zai tsayar da shi." Ba a jima ba Baba ya daina gane mu.

La'asar ce lokaci mafi wuya. Baba zai ɗauki takalmansa ya ce kotu za shi, mutane na jira, idan aka tare ƙofa ya yi ta faɗa har ya yi kuka. Ranar da lallashi ya ƙare mana, Yaya ya fita ya buɗe bayan mota, inda yake ɓoye gurminsa tun zuwan Baba.

Na ce, "Yaya, a gabansa?"

Ya ce, "Inda kiɗa ke zama a ƙwaƙwalwa yakan daɗe bai lalace ba. In ya hana, na daina."

Ya zauna a ƙasa ya fara kaɗawa a hankali. Baba ya tsaya da takalma a hannu, can sai ya nemi kujera ya zauna. Daga ranar, la'asar na yi zai tambaya, "Ina makaɗin nan?" Yaya ya riƙa barin ofis da wuri saboda haka.

Wata rana bayan an gama, Baba ya dube shi ya ce, "Ina da yaro mai son irin wannan. Na hana shi. Tsoro na ji kada a raina mini shi."

Yaya ya ce, "Ai ya sani, Malam. Bai riƙe ka ba."

Baba ya ce, "To, madalla. Ƙara mana."

Baba ya rasu a damina, Yaya ya bi shi bayan shekara uku, sanadiyyar ciwon zuciya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gwarinpa ta cika ta batse, kuma a gidaje da yawa akwai tsohon da aka ɗauko daga gida aka ajiye a ɗakin baya. Har yanzu idan ya fara ruɗewa sai a ce sammu ne, ko a kulle shi don kunya. Na san wannan zai sosa masa rai. Amma zaman da ya fara shirya wa iyalan masu irin wannan lalura yana nan, ɗalibansa biyu ke riƙe da shi. A nan ake koya wa mutane su daina yi wa tsoho gardama, su nemo sautin da ya taso da shi, karatu ne ko waƙa. Ɗakin binciken da ya yi ta fatan ginawa kuwa ba a gina ba. Ni a wurina zaman nan ya fi shi.

Bayan jana'izar Baba na tambayi Yaya, a matsayinsa na masani, ko Baba ya san da wanda yake magana a ranar da ya yi zancen yaronsa mai son kiɗa. Ya ce, "Ilimina bai kai nan ba, Hauwa."

Allah Ya jiƙan su, Ya haɗa su inda za su gane juna.