Mako Shida Ina Amsa Gaisuwar da Ba Na Ji

Assalamu alaikum. Wata bakwai rabona da rubutu a nan. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yafe mini. Ba wulaƙanci ba ne, wayar ce ba na ji.

Waɗanda suka san ni sun san da sanda nake tafiya, shan inna ta taɓa ƙafata tun ina ƙarami. A shekarar ƙarshe a kwaleji na shiga ajin da ake shirya ɗalibai masu buƙata ta musamman don neman aiki: rubuta takarda, buga kwamfuta, amsa wayar ofis, zama gaban masu intabiyu. Mu goma sha ɗaya ne, kowace Laraba, Madam Rifkatu ke koyar da mu.

Da zazzaɓi abin ya fara. Jarrabawa ta matso, na ƙi layin asibiti, na je wajen wani mai kemis. Ya ce taifot ce, ya ɗora ni kan allura, safe da yamma, kwana bakwai.

A kwana na biyar ina tafiya a barandar makaranta na lura ba na jin ƙarar sandata. Na tsaya, na buga ta a siminti. Hannuna ya ji. Kunnena bai ji ba.

Sai wata ƙara ta maye gurbin, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Na leƙa ta katanga har sau biyu. Turminsu na kife.

Zazzaɓin ya dawo, na koma aka ƙara mini kwana bakwai. Allura ashirin da takwas ke nan, na rubuta su.

Lokacin kamfe ne. A bakin Babbar Kasuwa motar 'yan siyasa ta wuce ni da manyan lasifiku, mutane na tsalle, bakuna a buɗe. Abin da ya iso gare ni bugu ne kawai a ƙirji. Kasuwa guda tana motsi kamar an kashe wa talabijin murya.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ɓoyewar ba ta yi wuya ba. Gaisuwarmu a jere take. Baki ya motsa, lafiya lau. Ya sake, ba gajiya. Ya sake, alhamdu lillahi. A ƙarshe madalla. Sauran magana nakan karkata kunnen dama, in kalli leɓe, in yi murmushi.

Wata safiya a Ƙofar Kwaya Malam Sani mai shago ya riƙe hannuna ya daɗe. Na jero amsoshina, na rufe da madalla. Ya saki hannun a hankali, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Ashe gaya mini yake mahaifiyarsa ta rasu.

Mama ta tare ni a tsakar gida, da ƙarfin da har na ji: "Nura, mi ya shiga kanka? Madalla ka ce mashi?" Na ce tunanin jarrabawa ne. Na je na yi ta'aziyya, na ci gaba da ƙaryata.

Madam ce ta kama ni. Ranar gwajin intabiyu na zauna gabanta, sai ta ɗaga fayil ta rufe bakinta. Idanunta kawai nake gani. Na ƙirga a zuci, na fara: lafiya lau, ba gajiya. 'Yan aji suka daina motsi.

Ta sauke fayil ɗin ta rubuta: "Sunanka na tambaya, sau uku. Tun yaushe?"

Na ce, "Madam, gurgu ma da ƙyar ake ɗauka aiki. Gurgu kuma kurma fa?"

Ta matso, ta buɗe baki sosai. "Ɗana, da wannan ba gajiyar taka za ka amsa wa manaja? Tashi, ɗauko sandarka."

Ita ta kai ni asibiti. Kati, layi, gwajin jini don duba ƙoda, sannan sashen kunne. Aka sa ni wani ƙaramin ɗaki mai bangon soso, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ji ƙara. Na yi ta dannawa. Ma'aikaciyar sashen ta leƙo ta gilashi ta girgiza kai. Ba ta ma kunna na'urar ba. Dakan cikin kaina nake amsawa.

Likita ya duba sunan allurar, sannan ya rubuta: "Da ka zo ranar da ƙarar ta fara, da mun tsayar da allurar."

Ƙodata lafiya. Kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ya rage kusan rabi. Na'urar ji ta fi kuɗin makarantata na shekara tsada, kawuna ne ya saya. Dakan bai daina ba, amma ya yi nisa.

Madam ta sa na maimaita jimla ɗaya gaban aji har muryata ta daina rawa. Da wannan jimlar na buɗe intabiyu na gaske a wani kamfanin hatsi: "Ranka ya daɗe, ina da matsalar ji. In za a yi magana a dube ni." Alhaji mai kamfanin ya juyo da kujerarsa. Mako uku ke nan ina shigar musu da bayanai a kwamfuta. Waya kuwa wani ke ɗauka.

Na gode wa Allah. Na gode wa Mama, da kawu, da Madam, da Malam Sani da ya yafe mini.

Kada ku karɓi allura ba takardar likita. In kunne ya fara ƙara kuna kan magani, ku je asibiti a ranar. 'Yan uwana masu lalura ɗaya, kada tsoron ta biyu ya sa ku ɓoye ta. Ni na ɓoye don kada in rasa aiki, ga shi aikin na samu, kunnen ne ban samu ba.