Ɗan Gwangwani a Wutsiyar Jirgin Baba Shekari

Da na dawo Samaru daga karatu a 1976, ɗakin da na kama yana kallon rumfar Baba Shekari mai gyaran risho da fitilu. Mutumin kudancin Zariya ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Ya taɓa aikin wanke jirage a filin jirgi, amma bai taɓa tashi a ko ɗaya ba. Nasa jirgin bai wuce tsawon hannu ba, na katako marar nauyi, da ɗan inji mai ƙugi kamar zuma ta fusata. Wani malamin jami'a ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu.

Daga ƙasa ake tuƙa shi. Siraran wayoyi biyu sun taso daga fiffike zuwa mariƙi a hannun mai shi. Ka ɗaga wuyan hannu, jirgi ya hau. Ka sauke, ya yi ƙasa, yana ta kewaya ka. Duk Lahadi bayan coci, abokinsa Ejiofor, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, yakan zo a keke da nasa jirgin. Su ɗaura wa kowanne dogon ƙyalle a wutsiya, su tsaya kafaɗa da kafaɗa a filin bayan kasuwa, kowa na neman farfelarsa ta yanke ƙyallen ɗan'uwansa. Shekarun da yaƙin basasa ya tsare Ejiofor a gabas, jirginsa a rataye yake a ɗakin Shekari, ana goge shi.

Jirgin Shekari yana da hali: kansa ya fi nauyi, kullum ƙasa yake nema. Manyan jirage suna da ɗan ƙarfe a wutsiya da matuƙi ke daidaitawa, jirgi ya miƙe da kansa, hannu ya huta. Shekari ya san wannan sarai, ya ƙi sa wa nasa.

"Jirgin da ba ya gardama, ina daɗinsa?" in ji shi. Da ƙarfin dantse yake riƙe shi.

Sai hawan jini ya taɓa masa hannun dama. Ya miƙe, amma wuyan hannun ba ya jure ɗagawa. Ranar da ya koma fili, jirgin ya ɗan kewaya ya caki ƙasa. Matarsa, Mama Josephine, ta kwashe guntayen a zani. An manne katakon, amma injin ya tsage. Idan ya sake faɗuwa shi ke nan, kuma babu irinsa a duk Zariya.

Ina rumfar sai ga Ejiofor ya zo da almakashi da gwangwanin madara.

"Kyaftin, miƙo wutsiyar nan," ya ce wa Shekari.

"Kai wa rediyonka. Ni ba gurgu ba ne."

"To wa zan yanka ranar Lahadi? Akuyar Mama?"

"Kai ka taɓa yankar wani abu ban da aljihun mutane?"

Ejiofor ya yi dariya, ya zauna a benci, ya jima yana juya gwangwanin. Sannan ya ce a hankali, "Ka riƙe mini nawa da ba na nan. Bari wannan ya taya ka riƙe naka."

Shekari ya karɓi almakashin, ya yanko ɗan falle kamar farce, ya manna a wutsiya, ya lanƙwasa shi da babban yatsa.

Ranar Lahadi jirgin ya tashi a miƙe. Amma da faɗa ya yi zafi, Ejiofor ya biyo shi ta baya, sai hannun Shekari ya koma ga abin da ya saba, ya ja da ƙarfi kamar dā. Jirgin da ya daina neman ƙasa ya yi sama tsaye, wayoyin suka saki, ya fara tangaɗi.

"Sassauta, Kyaftin! Bar shi!" in ji Ejiofor.

Na ga kafaɗarsa ta sauka. Jirgin ya sunkuyo, ya kama hanya, ya miƙe. Nan take Ejiofor ya faɗo masa ya yanke ƙyallen, ba sani ba sabo.

Da mai ya ƙare, jirgin ya sauka kan ciyawa lafiya lau.

"Ɓarawo! Ka yanki marar lafiya."

"Marar lafiya yana gida a kwance. Mama, kin ga wani a nan?"

Mama Josephine ta ninke zanin da ta zo da shi don kwasar guntaye, ta shimfiɗa a kan dutse, ta zauna tana jira su sake zuba mai.