Shekarar da na yi aikin ƙuda a Abbey Wood

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ke jin maganata, council, wato ƙaramar hukuma, suka ba ni ɗan filin noma a Abbey Wood da ke London, abin nan da suke kira allotment. Bai fi shimfiɗar tabarma ashirin ba, amma gona nake kiransa, wanda bai yarda ba ya kai ƙara.

Maƙwabcina a wurin wani tsohon Bature ne. Da zai koma wajen 'yarsa, sai ya bar mini dashe biyu. Ya ce itacen dajin Amurka ne, pawpaw sunansa, amma ba gwandar gida da muka sani ba, ko a can ma ba kowa ya san shi ba. Ya nuna mini hoton ɗan itacen an tsaga. Ina ganin tsokar da baƙaƙen ƙwallayen na tuna gwandar dajin da muke tsinka a bayan ƙauyenmu, wadda rabona da ita tun ban yi gemu ba. Na dasa su a tsakiyar filin, daidai inda rana ta fi sauka.

Shekara bakwai ina ba su ruwa. Suka yi tsawo, suka yi ganye fankam-fankam. Duk Afrilu sai su fid da fure ja wur kamar hanta, bayan kwana kaɗan ya zube. Ɗa kuwa ko na rantsuwa babu.

Mai ɗakina ta gaji. Ta ce, "Alhaji, inuwar sandunan nan naka ta kashe mini alayyafo da attaruhu. Bana in ba su haihu ba, zarto. Na ma yi booking ɗin mai sarewa."

Na kai kukana wajen abokina, mutumin zangon Kumasi da ke sayar da nama a Lewisham. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. "Alhaji, matanka ya faɗi gaskiya. Ka zo London ka yi kiwon itace juya? Sare shi mu samu gawayi."

To, ni a aji huɗu na firamare na yi sallama da boko, kuma ba a riƙe ni ba. Amma Allah Ya ba ni zama. Da furen ya fito na kife bokiti na zauna a gabansa yini guda. Ƙudan zuma ya cika itacen tuffan maƙwabta, ko ɗaya bai leƙo nawa ba. Na kai hanci, na ji furen yana ɗan warin naman da ya kwana. Wajen la'asar wani ƙuda ya sauka, ya shiga ciki, ya fito ya tafi abinsa.

Na buga wa Baturen waya na ba shi rahoton bincikena. Ya ce ai ƙuda ne ke yi wa itacen nan barbara, kuma sai garin furen wancan ya shiga furen wannan. Na ce, "Shekara bakwai ba ka faɗa ba?" Ya ce ban tambaya ba.

Na koma Lewisham na roƙi guntayen hanji, na rataye a rassa don in gayyato ƙudaje. Ƙudan London kuwa sanyin Afrilu ya hana shi fita aiki. Dila ne ya amsa gayyata, ya tattake gonar matar da ke gefena. Kwamitin wurin suka aiko mini takarda mai ladabi, irin ladabin Turawa da ya fi mari zafi.

Sai na ce tunda ma'aikaci ya ƙi zuwa, ni zan riƙe muƙamin. Na ɗauko burushin da mai ɗakina ke shafa hoda, ban nemi izini ba. Kullum da hantsi in kaɗo garin tsohon fure a murfin kwalba, in taka zuwa ɗaya itacen, in shafa a cikin sabon fure. Dattijo da furfura, da tabarau, yana bin fure ɗaya-ɗaya. Abokina ya zo kallo, ya ce, "Sannu da aiki, sarkin ƙuda!"

Bayan mako uku na ga wasu 'yan koraye sun fito cunkus kamar yatsun jariri. Na kirawo mai ɗakina, na ce ta yi cancel ɗin mai zarto. Ta ce sai ta ɗanɗana.

A farkon Oktoba na farko ya faɗo da kansa, ya yi laushi. Na tsaga a gaban mai ɗakina da abokina, na miƙa mata cokali. Ta kai baki, ta ƙara. Ta ce, "Kamar ayaba da mangwaro sun haɗu." Ni da na sa a bakina sai na ji ni a bayan ƙauyenmu, na juya baya na ce iska ce ta shigar mini ido. Abokina ya shanye biyu yana cewa dama shi ya san za su haihu. Goma sha ɗaya muka samu a shekarar. Ba ya jimirin ajiya, shi ya sa ba za ku gan shi a kasuwa ba, sai dai ku zo ku gaishe ni.

Abin da na koya shi ne, shekara bakwai ina zagin itace alhali ban taɓa zama na dube shi ba. Yanzu kafin in ce abu ba shi da amfani, sai na kife bokiti tukuna. Mai ɗakina ta mayar da alayyafonta bakin shinge ba tare da na roƙa ba. Duk Oktoba kuwa in baƙi suka zo, ita ke kai su gindin itacen, ina ji tana ce musu, "Ai mu muka dasa."