Ranar da Hanifa Ta Haɗa Kalma Biyu

Safiyar ranar ba ta bambanta da sauran safiyoyin damina ba. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi sanyi. Na dafa wa Hanifa ƙwai, na dama mata kunun gyaɗa, muka zauna a bakin ƙofar ɗakina ina nuna mata abubuwa ina faɗin sunansu. Kaza. Turmi. Ruwa. Ta kalli kazar, ta kalle ni, ba ta ce komai ba.

Hanifa ce 'yata ta fari. A lokacin ta haura shekara biyu da rabi, kalmominta huɗu ne kacal: Umma, ruwa, kaza, a'a. Sa'anninta sun daɗe da fara haɗa magana. Ni kuwa abin da na karanta ke nan a jami'a, abinci da lafiyar ƙananan yara. Na san abin da ya kamata in ji daga bakinta, na kuma san ban ji ba. Kullum jira nake ta haɗa kalma biyu.

Inna Dije, tsohuwar da nake haya a gidanta, tana shara a tsakar gida. Ta ce, "Malama, kin ishi yarinyar nan da surutu. 'Yar fari ce fa, ko kunya babu? Mu ko sunan ɗan fari ba ma kamawa, ga su nan kuma bakinsu ba ya rufuwa." Na yi dariya. Ita ma ta yi, ta ci gaba da shararta.

Ba zan faɗi sunan garin ba. Ƙauye ne a ƙasar Daura, ta wajen Sandamu, inda aka tura ni aiki a ƙaramin asibiti. Mijina yana koyarwa a cikin Daura, sai ƙarshen mako yake zuwa. Akwai mutanen kirki a garin, ba na so a haɗa su da waɗanda suka zo gidanmu a ranar.

Makonni kaɗan kafin nan mun yi rabon bitamin A. 'Yar ƙwaya ce mai laushi, ja ga waɗanda suka haura shekara, shuɗiya ga jarirai. Ana yanke bakinta da almakashi a matse man a bakin yaro. Don ido ce da ƙarfin jiki, tana kare yaro daga dundumi. Kafin rabon na yi wa mata bayani a rumfar asibiti. Na yi maganar ƙwai da hanta da zogale da gishiri mai sinadarin aidin. Wata ta ce, "To in yaro bai samu ba fa?" Ni ba na son faɗin abin da ban tabbata ba. Na ce, "Rashinsu yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ba kowane yaro ba, amma yana iya taɓawa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin maganar ta kai bakin kasuwa, kalmar "rashi" ta faɗi a hanya. Abin da ya isa can shi ne, malamar asibiti da bakinta ta ce ƙwayar tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce mutum ya taɓu. Kowa kuma ya san irin masu shan ƙwaya. Sai aka ƙara da hujja: ga 'yarta nan, ita ta fara ɗura wa, shi ya sa ta zama bebiya.

Mata suka daina amsa gaisuwata a bakin rijiya. Wata ta janye ɗanta da Hanifa ta matso kusa da shi. Na ɗauka abin zai wuce.

Sai ɗan Malam Garba maƙeri ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana shiɗewa. A iya ganina zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, yadda yake yi wa yara kowace damina. Amma ban gwada jininsa ba, don ba a kawo shi asibiti ba. Na je gidan, aka tsayar da ni a zaure. An ce ya farfaɗo bai gane uwarsa ba.

Da hantsin ranar da nake ba da labari, ƙarar guduma ta tsaya a maƙera. Kullum ana jin ta har gidanmu. Sai kuka ya biyo baya. Na sa hijabi zan je gaisuwa. Inna Dije ta tare ƙofa da tsintsiya a hannunta. Ta ce, "Ba inda za ki. Koma ciki."

Aka kai yaron makwancinsa bayan sallar azahar. Masu dawowa daga maƙabarta ba su watse ba. Da farko na ji ƙara kamar ta kasuwa daga nesa. Sai ta riƙa matsowa. Dutsen farko ya sauka a kan kwanon ɗakina. Kaji suka tarwatse. Hanifa ta riƙe zanina.

"Fito da ita!"

"A fito da mai ƙwaya!"

"Ita ta haukata mana 'ya'ya!"

Na gane wasu muryoyin. Akwai wanda na wanke wa ƙafa ranar da ya sare ta da fartanya. Akwai Sale, ƙanen Malam Garba, shi ne ya fi ɗaga murya. Malam Garba kansa, an ce, yana zaune a ƙofar gidansa bai tashi ba. Ban gani ba, amma na yarda.

Inna Dije ta ɗauki Hanifa ta ɗora min a baya. Da kanta ta ɗaure zanin, ta ja shi da ƙarfi har numfashina ya ɗauke. Ta ce, "Ta bayan rumbu, dangar ta ruɓe a can. Kada ki bi hanya. Shiga gero." Ta juya ta nufi zaure. Ina tura dangar na ji ta tana cewa, "Kai Sale! Ni na yanke maka cibiya, gidana za ka shigo da sanda?" Sai wata ƙara kamar an fasa ƙwarya. Muryarta ta yanke.

Geron ya fi ni tsayi, ya fara fitar da kai. Ƙasa a jiƙe take. Takalmina ɗaya ya maƙale, na cire ɗayan na yar. Ganye yana yankar min fuska. A bayana ina jin ana ɓalle ƙofa, kwanoni suna zubewa, ana ihu. Iska ta kawo warin fetur. Babur ya tashi, wani ya bi shi.

"Ta gona ta bi!"

"Ku tare ta ta titi!"

Na san ba zan iya tsere wa babur ba. Na kwanta tsakanin kunyoyi, cikin taɓo. Na kwance Hanifa na rungume ta a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Can na ji tafiya a cikin gonar, mutum ɗaya, yana dukan karan gero da sanda, yana matsowa.

Hayaƙi ya tashi ta saman gero, baƙi ƙirin, daga wajen gidanmu. Hanifa ta ɗaga kai. Ta miƙa yatsa yadda na koya mata. Ta ce, a fili, da murya mai kyau, "Umma, wuta."

Na sha nuna mata murhu ina cewa wuta. Ba ta taɓa maimaitawa ba.

Dukan karan ya tsaya.

Na toshe bakinta da tafin hannuna. Na danna. Na sa bakina a kunnenta na ce, "Yi shiru. Kada ki ƙara magana." Ta yi ta mutsu-mutsu. Ina jin haƙoranta a tafin hannuna. Idonta yana kan fuskata. Sai ta daina motsi, ta ci gaba da kallona.

Na ga ƙafar mutumin ta tsakanin kara. Silifas shuɗi, an ɗaure maɗaurinsa da waya. Ina jin numfashinsa. Wani ya ƙwala daga nesa, "Kai, dawo! Ta riga ta wuce!" Ya tsaya kaɗan. Ya tofar da yawu. Ya juya. Ban sani ba ko ya gan mu. Har yau ban sani ba.

Ban cire hannuna ba sai da aka kira sallar la'asar. Daga masallacin garin kiran ya fito, muryar ladanin da na saba ji kullum, ba abin da ya canja a cikinta.

Na goya ta na tashi. Daga gero zuwa dawa, daga dawa zuwa gonar gyaɗa inda ba abin da zai ɓoye mutum. Nan na yi gudu a sunkuye. Ƙaya ta shiga ƙafata, ban tsaya ba. Rana ta yi ja kafin in kai titi. Motoci suka riƙa wucewa. Wata a-kori-kura ɗauke da awaki ta tsaya. Direban ya kalli ƙafata, ya kalli taɓon jikina, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Hau." Muka shiga Daura ana kiran magariba.

Inna Dije ta rayu. Hannunta na dama bai koma daidai ba, yanzu tana wurin ɗanta. Ɗakina ya ƙone da duk abin da ke ciki. An ce an kama wasu, an kuma sake su. Ban bi ba. A iya abin da na ji, ba wanda ya yarda ya koma aiki a asibitin garin.

An duba kunnen Hanifa, lafiya lau. An duba jininta, aka ce ya ɗan yi ƙasa, aka ba ta magani, ya dawo. Likita ya ce firgita takan sa yaro ya daina magana, kuma yawanci yana wucewa. Na san wannan "yawanci". Ni ma da ita nake sallamar iyaye. Ba zan iya cewa firgitar ce ba, ko abin da take da shi ne tun farko, ko hannuna.

Damina ta sake zagayowa. Hanifa tana ci, tana wasa, tana gane kowa. In tana jin ƙishi sai ta kama zanina ta ja ni wurin randa. Kowace safiya ina dafa mata ƙwai, mu zauna a bakin ƙofa. Kaza. Turmi. Ruwa. Takan kalli bakina sosai, sai ta ɗora hannunta a kan nata.

Da kalma huɗu muka shiga geron nan. A ciki ta sami ta biyar. Ba mu fito da ko ɗaya ba.