Ramin gwaji ya haɗiye akuyata

'Yan uwa, ƙasar gidanmu ta haɗiye mini akuya!

Na dawo daga lakwal, wato makaranta, na tarar magini ya haƙa ɗan rami a bayan gida. Wai zai gwada ko ƙasar na shan ruwa kafin a haƙa sabuwar shadda. Ya juye ruwa bido guda, wato jarka, a ciki. Ruwan ya ɓace nan take!

Baba ya ce, "Madalla, ƙasa mai kyau!"

Ni kuwa na ga turken akuyata yana karkacewa a hankali, ƙasa na tsagewa a gindinsa. Maza sun cika wurin, kunya ta hana ni magana. Aka ƙara ruwa. Sai rugum! Babu akuya, babu turke!

Kaka ta fito tana salati: "Tsohuwar rijiya ce a nan! Wa ya sa ku?"

Baba ya ce, "Inna, ai ba ki faɗa ba!"

"Ka tambaye ni?"

Akuyar na can ƙasa tana kuka, ga ta da tsohon ciki, igiyarmu kuma ta gaza. Don Allah, wa ke da doguwar igiya? Kukan nata ya fara raguwa!