Kular Abincin Auta

Muna yara, idan aka ce an ɗaure wani, sai manya su rage murya. Kurkuku, gidan yari, gidan kaso, duk kalmomin kunya ne, ba a faɗinsu a tsakar gida sai an waiga. Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a zaɓi irin wannan magana don a kwantar wa uwa da hankali ba.

Ƙanena, autan Innarmu, an tare shi ne a hanyar Kuyello da hantsi, yana dawowa daga duba masararsa a kan babur. Rediyo na kiran abin garkuwa da mutane. Mu a unguwarmu ba mai faɗin haka. Sai dai a ce an ɗauke shi, ko a ce yana hannu, a yi shiru, kowa ya san hannun su wa. Ko sunan dajin ba a so a ambata.

Inna kuma tana da hawan jini. Bara waccan ta faɗi a bakin murhu, tun daga nan ƙafarta ta hagu ja take yi, kuma likita ya ja mana kunne kan mummunan labari. Shi ya sa Yaya, babban wanmu, ya kira ni zaure ranar da abin ya faru.

"Za mu ce mata an tsare shi a caji ofis," in ji shi. "Takardun babur. Kwana biyu ya fito."

"Yaya, ƙarya fa ke nan."

"To je ki ce mata yana daji, ki ga ko za ta kai la'asar."

Caji ofis dai gini ne, yana da ƙofa, an san inda yake. A zamanin da muka shigo, wannan ya zama labari mai sauƙi.

Abin da muka manta shi ne, wanda aka tsare danginsa ke kai masa abinci. Inna ba ta manta ba. Da ta gama salati ta share hawaye, sai ta ce a miƙo mata tukunya. Matan gidan suka ce za su dafa, ta ce ba wanda ya san bakin Auta sai ita. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta tuƙa tuwo, ta zuba a jar kula, ta ɗaure da ɗankwali. Ta ce ni zan kai, tunda maigidana ya ba ni izinin zuwa kullum.

Na fita da kula a ƙarƙashin hijabi, ba inda zan kai ta. Na yi ta tafiya har bayan makarantar firamare, inda wata mata daga ƙauyukan Saminaka ta raɓe a wani kango da 'ya'yanta huɗu, bayan sun gudo. Na juye mata, na ce ta yi wa wani bawan Allah addu'a. Na wanke kular a famfo na koma.

"Ya ci?"

"An ci, Inna."

Haka nake ta laluben maganar da ba ƙarya ba ce tsantsa. An ci. An gode. Amma Inna mai tambaya ce. Suna barinsa ya yi salla? Akwai tabarma? Sun sa masa ankwa? Kowace amsa sai ta ja wata, ni kuma in idar da salla in rasa ta inda zan fara istigfari. Ga waya a hannun Yaya, kullum ana jiran kiran waɗanda suka ɗauke shi. Ga Inna ta daina karɓar baƙi, wai da wane ido za ta dubi mutane an kama ɗanta.

A rana ta tara ta yi shinkafa da wake, ta hana kowa taya ta. Da na dawo na same ta zaune a bakin gado, carbi a hannu, ba ta ja.

"Me ya ce da albasar?"

"Ya ce ta yi daɗi."

Kafin in rufe baki na tuna. Auta ba ya cin albasa. Tun yana ƙarami yake tsince ta ya tara a gefen kwano, har muna ce masa mai tsintar ƙwari. Inna ta yanka manya biyu ta zuba da gangan.

"Ke 'yar nan," ta ce a hankali, "ni na haife ku duka. Rufe ƙofar ki zauna. Ina ɗana?"

Na dubi kwalbar maganinta a kan taga. Na dubi ƙafarta ta hagu. Na durƙusa na riƙe hannuwanta biyu, don in ta tafi in tare.

"Yana hannu, Inna."

Ta rufe ido. Na ji hannunta ya yi sanyi, na fara kiran sunayen Allah a zuciyata, ina lissafin wa zan ƙwala wa kira. Sannan ta yi innalillahi sau uku, ta ce in ba ta ruwa da maganin. Ta sha da kanta.

"Ɗaure su suke yi?"

"Ban sani ba."

"Yawwa. Daga yau haka za ki riƙa ce mini. Abincin fa, wa ke ci?"

Na gaya mata labarin matar kango. Ta ce gobe a ƙara mudu ɗaya, yara huɗu kula ɗaya ba ta isarsu.

Ta ci gaba da dafawa, ina kaiwa, har ranar da aka sako shi da shatin igiya a idon sawunsa. Abin da ke kan wuta ranar shinkafa da wake ne, da albasa, don yaran kango suna so. Inna ta miƙa hannu za ta tsince masa. Kafin ta kai ya cinye.