Askin Suna a Hannun Mai Jita

Shekara guda na yi ina jin haushin maƙwabcinmu. Muna hawa na tara a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda na je karatu, ina fama da rubutun digiri na uku, shi kuma kullum bayan la'asar sai ya jona jitarsa a lantarki ya saki kiɗan nan da ake kira hebi metal, mai ƙara kamar injin markaɗe ya haɗiye cokali. Ɗan ƙasar ne, ya ba hamsin baya, gashi har gadon baya, baƙar riga mai zanen ƙoƙon kai. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin yanke hukunci. Ko sallamar kirki ban taɓa yi masa ba. Na rubuta takardar ƙorafi zuwa ga masu kula da ginin, da Turanci mai zafi, na ajiye a kan tebur ina jiran ranar miƙawa.

Sai matata ta haihu, namiji, ɗan fari. Ranar suna rago ya samu, tuwo ya samu, wanzami ne babu. Surukata ta kira ta bidiyo daga Kano ta ce, "Ba zan ajiye wayar nan ba sai na ga an aske kan jikana. Yau kwana bakwai."

Falo cike da ɗalibai 'yan uwana, wani injiniya, wani masanin lissafi, amma da aka fito da reza kowa ya shiga duba wayarsa. Na karɓa don kada in ji kunya a gaban suruka. Ina ganin maɗigar yaron tana bugawa, na kasa ɗora rezar a kansa. Yaro ya tsala ihu, uwarsa ta fara hawaye. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba.

Ana haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcin ne, ya dawo da kwanon da matata ta aika musu da naman suna. Ya dubi rezar, ya dubi hannuna.

"Boleh," ya ce, wato zai iya. "Jikoki uku na aske."

"Wannan mai kitson fa?" in ji surukata. "Mace ce ko namiji?"

"Wanzami ne, Hajiya," na ce, Allah ya yafe mini.

Ya wanke hannu, ya ɗaure gashinsa, ya yi bisimilla, ya nemi takardar da zai tara gashin a kai. Wani ya miƙo masa daga tebur. Yaro na ta ihu, sai mutumin ya fara gunjin kiɗan nan nasa a maƙogwaro. Tsit yaro ya yi. Ashe wata tara yana jin sa ta bango.

Yana aski yana ba mu labari. Da ƙuruciya, ya ce, an nemi ya yanke gashi kafin a nuna ƙungiyarsu ta makaɗa a talabijin. Ya ƙi, abokan suka aske suka yi suna, shi ya ƙare a wani ɗan shagon gyaran jita a unguwar Sentul. Yatsun da suka shekara talatin a kan tsirkiya ko gezau ba su yi ba. Kai ya fito fes, surukata ta rangaɗa guɗa.

Da ya zo naɗe takardar, sai ya ga lambar gidansa a jiki. Ya karanta har ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Turancinka da kyau, Dokta," ya ce. "Amma ai da ƙwanƙwasa ƙofa ka yi kawai."

Washegari bayan la'asar, shiru. Kwana uku ba jita, kwana uku yaro ya ƙi barcin yamma, sai kuka. Rana ta huɗu na sa hula, na je na ƙwanƙwasa, na yi sallama cikakkiya.

"Abang," na ce, yadda suke kiran babban wa, "don Allah a jona. A ƙara murya ma."